Fairchild da LA-2A: Me Kunne ke Ji a Tsoffin Na'urorin Matse Sauti?

Masu haɗa sauti sukan yi wa tsoffin kwamfuresa masu kwalba, wato na'urorin da ke rage ƙarar sauti idan ta yi yawa, kuɗin goro, su ce kwalbar lantarkin da ke ciki ita ce ke ba murya kauri da taushi. A ganina wannan bayani bai kai ba, domin na'urori biyu da suka fi suna a wannan fanni, Fairchild 670 da Teletronix LA-2A, kowace da hanyarta, kuma abin da ya sa ake ƙaunarsu ya fi alaƙa da yadda suke kama sauti da yadda suke sakinsa.

Tun asali ma ba don ƙawata waƙa aka ƙera su ba. Gidajen rediyo suna buƙatar abin da zai hana ƙarar da ta taso kwatsam wuce ƙarfin na'urar watsa shiri, su kuma masu yanka faifan garmaho suna tsoron kada ramin da allura ke bi ya lalace. Saboda irin wannan buƙata Rein Narma, injiniya ɗan asalin Estoniya wanda ya taɓa yi wa makaɗin gita Les Paul aiki, ya tsara Fairchild a Amurka cikin shekarun 1950. Samfurin 660 layi ɗaya yake ɗauka, shi kuwa 670 mai layi biyu yana da kwalabe 20, nauyinsa kuma ya kusa kilo 30. A cikinsa kwalba mai lamba 6386 ce ke yin matsin da kanta: gwargwadon yadda sauti ya ƙaru, haka ake rage mata ƙarfin haɓakawa, don haka matsin yana shigowa sannu a hankali, ba ya faɗo wa sauti gaba ɗaya. Yana da maɓallin lokaci mai matakai 6, mafi saurinsu yana cafke ƙara cikin kashi 1 cikin 5,000 na daƙiƙa, sakin kuma yana iya ɗaukar daga ƙasa da rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 25. A ɗakin naɗar sauti na Abbey Road da ke Landan, injiniyan sauti Geoff Emerick ya riƙa tura gangunan Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles, ta cikin 660 daga 1966, yana matsa su fiye da kima da gangan, har amon farantan ƙarfen da ake bugawa tare da gangunan ya riƙa kumbura bayan kowane bugu. Abin da injiniyan rediyo zai kira aibi, shi ne ya zama salo.

LA-2A ta fi ba ni sha'awa, domin ita ce ke rushe zancen kwalba. Jim Lawrence ya ƙera ta a Pasadena ta jihar Kalifoniya a farkon shekarun 1960, kuma kwalabenta haɓaka sauti kawai suke yi. Matsin yana faruwa ne a cikin wani ɗan gwangwani da ake kira T4, inda aka haɗa allo mai fitar da haske da wani sinadari mai jin haske. Idan mawaƙi ya ɗaga murya, allon ya ƙara haske, sinadarin ya rage sautin. Sinadarin nan yana da nawa, kamar idon wanda ya shigo ɗaki daga cikin rana: rabin matsin yakan sake cikin kusan kashi 60 cikin 1,000 na daƙiƙa, sauran kuwa yana iya kai daƙiƙoƙi, ya danganta da tsawon lokacin da hasken ya yi a kansa. Shi ya sa za ka ga allurar mita ta dawo da sauri zuwa rabin hanya, sannan ta ƙarasa tana jan ƙafa, murya kuma ta zauna daram ba tare da an ji ana janta ba. Manyan maɓallanta biyu ne kacal, ɗaya na yawan matsi, ɗaya na ƙarfin abin da ke fita. Wannan sauƙi yana da iyaka, tun da ba ta da saurin cafke bugun ganga, kuma wanda ya ɗora ta a kan kiɗa mai sauri zai ji kaifin bugun yana kufce mata.

An daina ƙera LA-2A a 1969, lokacin da na'urori marasa kwalba irin 1176 ta Bill Putnam suka karɓe kasuwa, sai daga baya kamfanin Universal Audio ya dawo da ita. Yawancin masu situdiyo a Kano da Kaduna a allon kwamfuta suke haɗuwa da waɗannan tsoffin na'urori, ta manhajojin da ke kwaikwayonsu, kuma ban ga abin raini a nan ba. Sai dai a sani cewa T4 yana tsufa, kwalabe suna gajiya, har ta kai da wuya a sami tsoffin LA-2A biyu masu amo iri ɗaya. Kowace manhaja na'urar da masu ita suka auna take kwaikwaya, don haka idan manhajoji biyu masu suna ɗaya suka saɓa a kunnenka, mai yiwuwa babu wadda ta yi kuskure a cikinsu.