Ruwan da ke cin gidajenmu daga nesa yake tasowa

Mu mazauna gangaren Unguwar Rimi a garin Kaduna, Agusta da Satumba ba watannin barci mai nauyi ba ne. Ina cikin samarin da mai unguwa ya ɗora wa sa ido kan Kogin Kaduna da kwashe jama'a idan ta ɓaci, kuma aikin ya nuna mini cewa duban hadari kaɗai ba ya gaya maka komai.

Kogin nan daga tuddan Jos ya taso, yana tafe yana haɗiye ƙoramu da manyan rafuka irin su Galma da ta biyo ta Zariya. Sai a yi kwana da kwanaki ana tafka ruwa can sama, mu nan rana na ƙwallewa, amma da dare ka ji kogi na ruri. Ruwan farkon damina ƙasa ce ke shanye shi. Zuwa ƙarshen Agusta kuwa ta ƙoshi, duk ɗigon da ya sauka gangarowa yake yi. Haka aka yi a Agustan 2003, wadda dattawa har yau suke auna kowace ambaliya da ita, haka kuma a Satumban 2015, lokacin da Kigo Road da wasu sassan Barnawa suka sha ruwa.

Da zarar ruwa ya taso za ka ji ana cewa "an saki dam". To, dam ɗin Shiroro a ƙasanmu yake, cikin Jihar Neja, na Lagdo da ke Kamaru kuwa Binuwai yake shafa. Namu laifin ya fi kusa: yashi da shara sun cike cikin kogin, fadamar da ruwa ke bajewa a da kuma an yanka ta fuloti an gine.

Wani masunci ne ya koya mini dabarar da muke aiki da ita. Ya ce, "Ɗana, bar kallon kogi, kalli kwata." Idan kogi ya cika, magudanan unguwa ba su da inda za su juye, sai ruwan ya dawo da baya. Ranar da ka ga ledoji a kwalbati suna tafiya sama maimakon gangare, fara ɗaure kaya. Mun kuma kafa turke a bakin gaɓa muka yi masa zane da fenti, muna dubawa bayan Isha'i da kafin Asuba. Hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi, da na NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna, muna saurare a rediyo, sai dai su ƙaramar hukuma suke ambata, turken kuwa layinmu yake nufi.

Fitar da mutane ya fi komai wuya. Wata tsohuwa ta ce ba inda za ta ta bar awakinta. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, su za mu fara kaiwa makarantar firamare, ke ki biyo su." Sai ga ta da mayafi. Tun daga nan dabbobi da takardu muke fara kwashewa, sannan a kashe wutar layin gaba ɗaya.

Bayan ruwa ya janye ne ainihin wahalar ke farawa, kuma a lokacin masu ɗaukar hoto sun watse. Masai ya haɗe da rijiya, amai da gudawa ya shigo, sauro ya ninka. Katangar ƙasa da ta jiƙa tana iya tsayawa mako guda kafin ta rufta, don haka muke hana kwana a ɗakin da bai bushe ba. Masarar bakin kogi ta tafi, mai shago ya rasa jarinsa, yara ba karatu tunda ajinsu ya zama masauki. Kayan agajin NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, da na hukumar jiha suna zuwa, katifa da shinkafa, amma ba su biyan kuɗin haya a tudu, shi ya sa mafi yawanmu muke wanke laka mu koma ɗakunanmu.