Braunschweig, inda agogunan duniya ke haɗuwa

Daga Berlin na hau jirgin ƙasa zuwa Braunschweig, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi cikin shimfiɗaɗɗun gonakin arewacin Jamus. Garin kansa kallon wucewa na yi masa. Na leƙa dandalin da gunkin zaki na tagulla yake, sai na kama bas zuwa bayan gari, inda PTB, hukumar awo ta ƙasar, ta yi mazauni cikin itatuwa.

Agogo na je gani. Tun 1967 aka tsayar cewa sakan ɗaya shi ne kaɗawa 9,192,631,770 ta igiyar rediyon da ƙwayar zarra ta sinadarin siziyom ke amsawa. Na'urorin da ke ƙirga wannan ba fuska ba hannu, bututu ne da wayoyi. Biyu daga ciki, CSF1 da CSF2, suna sanyaya ƙwayoyin da hasken leza, su cilla su sama, su auna su a hawa da sauka. Abin sha'awa ne, amma hankalina ya fi tafiya ga faya-fayan dish da ke waje suna kallon kudu.

Dalili kuwa, agogo komai kyansa, sai an gwada shi da wani ake sanin gaskiyarsa, kuma wanin yana Paris ko Boulder ta Amurka. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya bayyana dabarar. Tashoshi biyu ne ke aika wa juna sigina a lokaci guda ta tauraron ɗan Adam mai nisan kilomita kusan 36,000. Hawa da saukar na cin kusan rubu'in sakan, jinkiri mai yawan gaske ga masu neman kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, wato nanosakan. To amma da yake hanya ɗaya siginonin suka bi, wannan na zuwa wancan na komawa, in aka ɗebe awon nan daga awon can sai jinkirin ya cinye kansa, bambancin agogunan ya fito. Juyawar duniya tana ɗan karkata lissafin, ita ma akwai ƙa'idar cire ta. Hanya ta biyu ita ce GPS, wadda ta fi araha, shi ya sa yawancin cibiyoyi suka dogara da ita.

Inda tauraro ya gaza shi ne cikin gida. A nanosakan ɗaya haske santimita 30 kawai yake ci, don haka 'yar ƙarin waya tsakanin dish da agogo ta isa ta ɓata awo. Maganin, abin dariya, shi ne tafiya: a ɗauki na'urar karɓar sigina guda ɗaya a akwati, a kai ta wannan cibiya, a kai ta waccan, kamar yadda ake yawo da mudu ɗaya kasuwa-kasuwa don a ga na wa ya rage.

PTB ce mahaɗa. Da ita sauran cibiyoyi, kusan 80, ke gwada nasu. Sakamakon yana tafiya BIPM, ofishin awo na ƙasa da ƙasa da ke Sèvres, kusa da Paris, a haɗa agoguna fiye da 400 a fitar da UTC, daidaitaccen lokacin da duniya ke saita agogo da shi. Wata-wata ake buga shi a takardar Circular T, wato sai wata ya wuce kowace cibiya ke sanin, a hukumance, nanosakan nawa ta yi gaba ko baya. Ban ƙarasa Sèvres ba a wannan karon, jirgin yamma na bi na koma Berlin.