Alhamis, a gidan Dior

Yau ruwa bai sauka ba, sai sanyi mai ratsa ƙashi. Yaya ta ɗauki hutun aiki don ta raka ni, ta ce abin kunya ne tela ta zo Faris ta koma Damagaram ba ta leƙa gidan Dior ba. Mun fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Alma-Marceau, muka taka zuwa titin Montaigne, inda kowace ƙofa da mai gadinta cikin baƙar kwat.

Gidan tarihin Dior, wanda aka buɗe a 2022, yana jikin gida mai lamba 30, inda shahararren telan Faransa Christian Dior ya nuna ɗinkinsa na farko ranar 12 ga Fabrairu 1947. Na daɗe tsaye gaban shahararriyar kwat ɗin nan tasa ta wannan rana: farar siliki, ƙugu a tsuke, an yi mata ciko daga ƙasa don ta buɗe, sai baƙin siket mai tattara. A lokacin yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, yadi yana wuya, a Ingila ma da kati ake sayen tufafi har 1949. Shi kuwa sai ya fito da siket ɗin da wani kan ci yadi ashirin. Mata sun yi zanga-zanga a Amurka, daga baya kuma suka saya. Wanda ya ba shi jari, Marcel Boussac, attajirin masaƙun auduga ne. Mai masaƙa ya ɗaure wa tela gindi, tela ya ƙirƙiro yayi mai cin yadi. Ni dai ban ga wanda ya yi asara a cikinsu ba.

Ɗakin da ya tsayar da ni shi ne fari fat, tun daga ƙasa har rufi rigunan akoko ne. Kafin almakashi ya taɓa tsadadden yadi, sai an ɗinka rigar gaba ɗaya da akoko, a gwada a jiki, a ja layi, a farke, a sake. Wata dattijuwa cikin farar rigar aiki tana zaune a wurin tana nuna wa baƙi ɗinkin hannu. Allurarta ba ta sauri, amma tazarar kowane ɗinki daidai take da ta ɗan'uwansa. Yaya ta ce, "Ke ma ai kin iya wannan." Na ce, "Yaya, iyawa daban, lokaci daban." Mu ana kawo mana shaddar da mutum ya yi wata uku yana tara kuɗinta, saura kwana biyu Sallah, mu auna sau ɗaya mu yanka da bismillah. Hannun masu aikin babbar riga a garinmu bai gaza na matar nan ba ko kaɗan. Abin da take da shi wanda ba su da shi shi ne mai sayen da zai zo gwaji sau uku, ya jira, ya kuma biya kuɗin jiran.

Da muka zauna shan shayi na riƙa ba Yaya labarin da malaminmu na ɗinki a Yamai ya saba ba mu. Wannan suna da Faransa ta yi a harkar ɗinki gina shi aka yi da gangan. Sarki Louis na 14 da ministansa Colbert sun raya masaƙun siliki na Lyon, fadar Versailles ta zama wurin da sarakunan Turai ke kwaikwayo. Amma wanda ya ɗaga darajar tela Bature ne ɗan Ingila, Charles Frederick Worth, da ya buɗe shago a titin la Paix a 1858. Kafin shi, mai kuɗi ce ke faɗa wa tela abin da take so. Shi ya riƙa zana nasa, ya sa mata su saka a gani, ya maƙala sunansa a cikin rigar, har matar sarki Napoleon na 3, Eugénie, ta zama mai sayensa. Kuma da Dior ya rasu a 1957, saurayi ɗan shekara 21 haifaffen Oran ta Aljeriya, Yves Saint Laurent, ya gaje shi. Faris ta iya karɓar baƙo, sai dai sunanta ne ke fita.

Da la'asar muka wuce unguwar Château Rouge sayen zare. A wani ɗan shago na tarar da tela ɗan Mali yana fama da shadda a kan keke. Da ya ji daga Nijar nake, sai ya ce Alphadi, shahararren mai zanen tufafin nan na Nijar, nasu ne, tunda a Tumbutu aka haife shi. Na ce Malam, a Faris ya yi karatun ɗinki, amma bikinsa na nuna tufafin Afirka, FIMA, a hamadar Tiguidit kusa da Agadez ya fara shi a 1998, sai ka nuna mini Mali a nan. Ya yi dariya, ya rage mini kuɗin zaren.

Ƙafafuna duk sun kumbura. Gobe in Allah ya kai mu za mu kasuwar yadi ta Saint-Pierre a Montmartre, ina son almakashi mai kyau da allin tela. Akoko kuwa sai na koma gida, namu ya fi araha.