Abin da ya sa idona ke yarda da kumbon Enterprise

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa kumbon Enterprise na shirin Star Trek, wanda tashar NBC ta Amurka ta fara nunawa a 1966, yake gamsar da ni har gobe fiye da kumbuna da yawa da ake zanawa da kwamfuta. Amsar da na tsaya a kanta ita ce, Matt Jefferies, wanda ya zana shi, ya nema wa kowane sashe na kumbon dalili kafin ya nema masa kyau.

Jefferies ya san jirgin sama ciki da bai, domin ya yi aiki a jiragen yaƙi a lokacin yaƙin duniya na biyu. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya gindaya masa sharaɗin cewa ba ya son roka mai feshin wuta da hayaƙi irin wanda aka saba gani a finafinan wancan zamani. Sai Jefferies ya yi tunanin cewa duk injin da zai iya kai ɗan Adam wani tauraro, ƙarfinsa abin tsoro ne, saboda haka ya ɗora injuna biyu a kan dogayen sanduna, nesa da faffaɗan faifan da mutane ke zaune a ciki. Ya kuma bar jikin kumbon sumul, domin a ganinsa babu injiniyan da zai ajiye kayan da ke buƙatar gyara a waje, inda babu iskar shaƙa, alhali yana iya tura ma'aikaci ya gyara su daga ciki. Mai kallo ba lallai ya san wannan lissafi ba, amma yana jin sa a jikinsa.

Babban samfurin kumbon da aka ɗauka a kyamara tsawonsa ƙafa 11 ne, an yi shi da katako da roba, an kuma kammala shi a Disamban 1964. Ana kafa shi a gaban shuɗin bango, kyamara ce ke tafiya, shi kuwa yana tsaye, daga baya a haɗa hoton da na taurari a kan fim guda. Kowace haɗawa tana rage wa hoton tsabta, shi ya sa ake ganin ɗan dishi-dishi a gefen kumbon. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ƙarasa ɓangarensa na hagu ba, ta nan wayoyin fitilu suke fita, don haka idan ana son a nuna shi yana tafiya ɗaya gefen, sai a manna masa rubutu a juye, sannan a juya fim ɗin. Ƙarancin kuɗi ne ma ya haifar da na'urar nan da ke ɓatar da mutum ta bayyana shi a wata duniya, tunda saukar da kumbo a ƙasa kowane mako ya fi ƙarfin aljihun shirin. Ƙyalƙyalin da ake gani idan na'urar tana aiki kuwa garin alminiyam ne da aka ɗauka yana zuba.

A Ingila, Derek Meddings, mai haɗa dabarun hoton fim, ya bi wata hanya a shirin Thunderbirds na 1965. Yakan ɗauki ƙananan samfura da kyamara mai gudun gaske, ta yadda idan aka nuna fim ɗin a gudun da aka saba za su yi nauyin manyan jirage, yakan kuma shafa musu datti da zane domin su yi kama da abin da ya sha aiki.

A 2006 an sabunta Star Trek, aka maye gurbin hotunan samfurin da na kwamfuta. Sun fi tsabta, ban musa ba, amma ni na fi son tsofaffin, domin hasken da ke jikin kumbon haske ne na gaske da ya sauka a kan abu na gaske. Samfurin yana gidan adana kayan tarihin jiragen sama na Smithsonian da ke birnin Washington tun 1974, kuma a gyaran da aka kammala masa a 2016 ba a sake fentin saman faifan ba, an bar shi da fentinsa na asali.