Ƙurɗuba da Kufan Madinatuz Zahra

Na isa Ƙurɗuba, wadda mutanen Sifaniya ke kira Kordoba, da niyyar ganin gini ɗaya tak, wato tsohon masallacin da Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Musulmin Andalus, ya aza harsashinsa wajen shekarar 785. Kufan Madinatuz Zahra kuwa, tsohon birnin halifa da ke kusa da garin, na sa shi cikin lissafi ne kawai don kada kwana na biyu ya tafi a banza, amma da na dawo gida sai na tarar shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Ana shiga masallacin ne ta wata farfajiya mai itatuwan lemo, daga nan sai mutum ya faɗa cikin duhu-duhu, inda ginshiƙai sama da 800 suke jere, kowane biyu an haɗa su da bakan gizo hawa biyu mai ratsin ja da fari, jan na tubali, farin na dutse. Da na matsa kusa da ginshiƙan ɓangaren da aka fara ginawa, sai na lura cewa kawunansu ba iri ɗaya ba ne, launin dutsensu ma ya bambanta. Maginan farko sun kwaso su ne daga gine-ginen Romawa da na waɗanda suka gaje su a ƙasar, kuma da yake gajeru ne, sai aka ɗora baka a kan baka domin rufin ya ɗaga. Ashe abin da masu yawon buɗe ido suke ta ɗauka hoto a matsayin ado, asalinsa dabarar magance ƙarancin kayan aiki ce.

A tsakiyar wannan jerin ginshiƙai akwai coci. Sarkin Kirista Fardinan na Uku ya ci birnin a 1236, aka mayar da masallacin majami'a, sannan a 1523 aka fara rushe tsakiyarsa domin a tayar da dogon gini irin na Turai, hasumiyar ma daga baya aka lulluɓe ta da ginin da ake rataye ƙararrawa. Ba zan ɓoye ba, abin ya sosa mini zuciya, musamman da na tsaya gaban mihrabin da Halifa Alhakam na Biyu ya ƙawata da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya. Sai dai dole in yarda cewa ginin ya kai yau ne saboda ba a taɓa daina shiga cikinsa ba, kullum akwai mai share shi, akwai mai toshe yoyon rufinsa.

Wannan magana ba ta zauna mini sosai ba sai washegari. Madinatuz Zahra tana da nisan kilomita 8 yamma da birnin, a gindin tsaunuka. Abdurrahman na Uku ya ayyana kansa halifa a 929, bayan 'yan shekaru kuma ya sa aka fara gina masa sabon birni hawa-hawa a jikin tudu: fada a sama, lambuna a tsakiya, jama'ar gari a ƙasa, yadda jakadan da ya zo gaisuwa zai yi ta hawa kafin ya kai gaban mai mulki. Birnin bai cika shekara 80 ba. Yaƙin basasa ya ɓarke, aka washe shi wajen 1010, mutane suka watse. Abin da masu wasoso suka bari, magina suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwashewa zuwa wasu gine-gine, kamar dai yadda aka yi wa Romawa tun farko, har sunan wurin ya ɓace, aka koma kiransa Tsohuwar Kordoba.

An fara tono shi a 1911, kuma har yanzu wajen kashi ɗaya cikin goma ne kacal na hekta 112 ya fito fili, duk da cewa hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihin duniya a 2018. A jikin wasu bangaye an mayar da gutsattsarin dutsen da aka sassaƙa da zanen ganye da rassa, kowane guntu a gurbinsa, kamar aikin mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, inda aka rasa guntu kuma an bar wurin fayau ba tare da an cike shi da ƙirƙira ba, abin da na yaba ƙwarai.

Inda na fi daɗewa shi ne sashen barorin fada, wurin da yawancin baƙi suke wucewa da sauri. Akwai tanderun da ake gasa abinci, yana nan da bakinsa, ga ƙananan ɗakuna, ga magudanar ruwa da ta bi ta ƙarƙashin daɓe. Na zauna a kan guntun bango ina duban gangaren da ba a tona ba tukuna, ciyawa ta rufe shi har can inda ake hango rufin gidajen Ƙurɗuba, ban tashi ba sai da mai gadi ya zo ya sanar da cewa lokacin rufe ƙofa ya yi.