Maganin tibi kyauta ne, cefanen wata shida kuwa a kanku yake

Duk wanda aka ce wa maganin tarin tibi kyauta ne a asibitin gwamnati, gaskiya aka faɗa masa. Daga gwajin kaki har ƙwayar ƙarshe ba mu biya ko kwabo ba a kan Auta, ƙanenmu. Abin da ba a rubuta a allon asibiti ba shi ne mai shan maganin nan zai ci abinci na wata shida, cin da ya wuce na mai lafiya, kuma a yawancin watannin ba zai shigo gida da ko sisi ba. Wannan lissafin a wuyan dangi yake. A gidanmu daga ƙarshe ni ya faɗo wa, saboda ni ce mai jiran albashi a ƙarshen wata, duk da dai albashin malamar firamare ne.

An tabbatar da ciwon a farkon daminar 2024, lokacin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Kowa a Kano ya san yadda kwanon wake ya koma a shekarar. Auta direban Adaidaita Sahu ne, babur ɗin ba nasa ba, balas yake kaiwa kullum. Da tari da zazzaɓin yamma da gumin dare suka kwantar da shi, mai babur ya karɓi makullinsa ya ba wani, ban kuma ga laifinsa ba. Wato rana ɗaya muka rasa mai kawo cefanen Inna, muka samu majinyaci.

Dangi sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu. A makonnin farko gidan bai rabu da 'yan dubiya ba, kowa da abin da zai cusa wa Inna a hannu, kawunnanmu na Gaya da na Wudil suka turo nasu ta waya. Da aka haɗa, kuɗi ne masu auki. A lissafina sun isa buhun gero, da waken soya da gyaɗa na watanni, har a bar na motar asibiti. Aka damƙa su a hannun Yaya Babba, kamar yadda ya kamata, shi ne uba a gidan tun rasuwar Baba.

To a nan ne wata mata ta shigo, ƙawar matar Yaya, irin masu tallan kayan ƙarin kuzari da ake sayarwa hannu da hannu, ka saya ka jawo wani shi ma ya saya. Ta zo dubiya da jakarta. Ta kalli yaron da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, ta kalli Inna da ke share hawaye da gefen mayafi, ta ce tana da garin da zai mayar masa da jikinsa cikin mako biyu, likitocin Turai ne suka haɗa shi. Kafin in dawo daga makaranta an saya. Manyan robobi na gari, da kwalaben abin da ta kira maganin ƙarin jini, aka ƙara da katan ɗin malt da madarar gwangwani, wai a riƙa haɗa masa safe da yamma. Fiye da rabin gudummawar ta tafi a yini guda. Yaya bai ci ko anini ba, tsoro ne da ƙaunar ɗan'uwa suka sa shi. Matar ce har yau nake jin zafinta, don ta san sarai gidan da ta shiga da halin da ta tarar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin da aka kashe kuɗin. A makonnin farko mai tibi ba ya iya cin abinci. Ciwon ya riga ya kashe masa sha'awa, ga magani iri huɗu a haɗe da ake sha da sassafe kafin a karya, yana tayar da zuciya, fitsari ya koma ja-ja har Inna ta tsorata sai da ma'aikaciyar jinya ta ce aikin ɗaya daga cikin magungunan ne. Auta cokali uku yake yi ya ture kwano. Garin nan mai tsada, in aka dama masa, ƙamshinsa kaɗai ke sa shi yunƙurin amai. Malt kuwa yaran gida da baƙi ne suka shanye yawancinsa.

Sai da aka shiga wata na biyu cikinsa ya buɗe, buɗewar da ban taɓa ganin irinta ba. Ya ci tuwon dare, kafin sha biyu ya ƙwanƙwasa ƙofata: "Yaya, akwai saura?" Da asuba yana shan magani yana kallon agogo, yana jiran lokacin karyawa ya yi. Daidai lokacin ne 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, don labari ya bazu cewa jiki ya yi sauƙi. Ga mai ci ya samu, ga kuɗi babu. Da wani ya gaya mana tun farko cewa yunwar tana nan tafe a wata na biyu da na uku, da ba a taɓa kuɗin nan ba sai an mayar da su hatsi.

Na je na samu ma'aikaciyar da ke ba shi magani, na tambaye ta me za mu ba shi wanda aljihunmu zai ɗauka. Ta ce, "Malama, abin da gidanku ke ci shi zai ci. Ki dai ƙara masa wake, gyaɗa, ƙwai in ya samu, da ɗan mai a abinci, ki raba masa sau biyar ko shida maimakon uku." Ta kuma ja kunnena a kan jiƙe-jiƙe da tsimi, ta ce magungunan nan hanta ce ke ɗaukar nauyinsu, kada a ƙara mata wani, kuma in muka ga idonsa ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa mu dawo da shi a ranar. Wannan ya taimake ni wajen Inna, domin maƙwabta sun riga sun fara kawo mata saiwoyi. Da na ce "asibiti ne suka hana", sai magana ta mutu.

A daren na ɗauko ɗaya daga cikin robobin da suka rage, na juya bayanta ina karanta abin da aka haɗa garin da shi. Na farko a jerin waken soya ne, na biyu sukari, sai kayan ƙamshi da 'yan sinadarai. Waken soya! Wanda ake aunawa da kwano a Dawanau, wanda 'yan mata ke yin awara da shi a bakin layinmu. Na kai wa Yaya Babba da safe na ce, "Yaya, don Allah duba nan." Ya karanta, ya yi shiru, ya ce, "Daga yau lissafin ya dawo hannunki." Ba mu sake tayar da maganar ba.

Da albashin watan na yi awo. Gero, dawa kaɗan, waken soya da gyaɗa. Farin wake ya fi ƙarfinmu a lokacin, sai jefi-jefi. Waken soyan na tsince shi, na soya a tukunya ba mai har ya yi ƙamshi ya canza launi, aka ɓarza aka sheƙe ɓawon, na haɗa da soyayyen gero da soyayyiyar gyaɗa aka niƙo. Kwano biyu na gero, ɗaya na soya, rabi na gyaɗa, haka nake yi. A kula da suyar waken nan, in bai soyu ba kunun zai yi ƙarni, ciki ma ba ya karɓarsa. Wannan garin shi ya riƙe mu. Kunu mai kauri da safe bayan magani, wani da la'asar, wani a fulas saboda ƙwanƙwasar tsakar dare. Ranar Asabar kuma in jiƙa soya in yi awara, in tsinke ta da ruwan tsami, rabi a soya, rabi a yanka cikin miya a madadin nama. Dusar ma ba ta zama asara ba, maƙwabciyarmu mai awaki ke karɓa ta ba mu ɗan abin da ya samu.

Damina ta tsananta mana a hatsi, ta sassauta mana a ganye. Zogale, rama, alayyahu, tafasa, duk sun yi araha, wani ma a bayan gida ake tsinkowa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya zama abincin hantsi. Ɗanwake da mai da yaji da dafaffen ƙwai, faten tsaki da rama da gyaɗa, miyar kuka da daddawa da garin busasshen kifi. Ƙwai ɗaya ne a rana, nasa shi kaɗai, kuma sai da na tara yaran gidan na yi musu bayani, don ba ƙaramin abu ba ne yaro ya ga ana ɓare wa babba ƙwai shi ba a ba shi ba. Nama sau ɗaya a mako, yawanci hanta ko ƙashin miya. Fura kuwa ba a dama masa sai da kindirmon da muka tabbatar an tafasa madararsa, domin akwai nau'in tibi da ake ɗauka daga ɗanyar madarar shanu. Kayan marmari abin da ke yayi nake saye, kankana, gwanda, goba, lemo. Tuffa da inabi da mutane ke ganin su ne kayan dubiya, kuɗin leda ɗaya ya ishe mu ƙwan mako.

Daga baya na karanta labarin wani bincike da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, aka wallafa a 2023. An riƙa ba iyalan masu tibi tallafin abinci duk wata, shinkafa da wani nau'in wake, sai aka ga kamuwar sauran 'yan gida ta ragu da wajen kashi 40 cikin 100, kuma majinyatan da suka ƙara nauyi a wata biyun farko sun fi tsira da rai. Shinkafa da wake. Na tuna robobin nan raina ya sake ɓaci. Binciken ya kuma sa na daina rage wa Inna da yara abinci don a ƙara wa Auta, tunda su ma iskar ɗaki ɗaya suka shaƙa da shi, kuma jikin da yunwa ta raunana shi ciwon ya fi kamawa. Dukkanmu an duba mu a asibitin.

Kuɗin kuwa kashi uku nake raba su ranar da albashi ya shigo, kafin hannu ya fara kai musu. Na awo, na cefanen kullum, da na motar asibiti. Na ukun nan ba na taɓa shi ko gishiri ne ya ƙare, saboda ranar karɓar magani ba ta ɗaguwa. Mun ga amfanin haka a farkon watan Agusta, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke aka sa dokar hana fita a Kano. Kasuwa a rufe, hanya a rufe, amma maganinsa na hannu, garin kunu na cikin bokiti. Na shiga adashin malamai na roƙi a ba ni ɗaukar farko, mai awon unguwarmu kuma ya buɗe mini shafi a littafinsa.

Akwai wani abu da ba kuɗi ba wanda ya shafi cinsa. Tun farko an ware masa kwano da kofi da cokali, ana ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Na lura in shi kaɗai ne ba ya cinyewa. Ma'aikaciyar ta ce ta iska ake ɗaukar ciwon, ba ta kwano ba, a buɗe tagogi, ya rufe baki in zai yi tari, kuma bayan 'yan makonni yana shan magani ba fashi haɗarin yaɗawa yana raguwa sosai. Muka dawo da shi tsakar gida, kan tabarma, yana ci tare da Yaya Babba. Ranar ya nemi ƙari.

Wata na uku ya fi kowanne wuya. An rage magungunan daga iri huɗu zuwa biyu, tari ya tsaya, kumatu sun fara dawowa, sikelin asibiti yana hawa duk zuwa. Sai Auta ya fara cewa ya warke, zai nemi babur ya koma titi, ya gaji da zama ana ciyar da shi. Na gane kunya ce ke cinsa, yana ganin littafin bashin nan. Na ce masa, "Auta, in ka fita tun asuba ka manta ƙwaya ɗaya yau, ɗaya gobe, ciwon zai iya dawowa da nau'in da ba ya jin wannan maganin, jinyarsa ta fi tsawo, ta fi wahala. Wannan bashin na iya biyansa, wancan ba zan iya ba." Muka daidaita a kan sai wata na huɗu, shi ma rabin yini, bayan ya sha magani a gabana ya karya, da fulas ɗin kunu a bayan kujera.

Kaka ta shigo, sabon gero da wake suka sauko, numfashi ya ɗan dawo mana. A watan Disamba aka yi gwajin kaki na ƙarshe, aka ce babu komai, aka rufe katinsa. Inna ta yi sadakar ƙosai.

Bashin mai awo sai bayan ƙaramar salla na gama biyansa, kuma da na duba jimillar, ba ta kai kuɗin robobin nan da kwalaben ba. Matar har yanzu tana shigowa unguwar da jakarta. Kwanaki na ji ta shiga gidan wani dattijo da aka sallamo daga asibiti, na saka hijabi na bi bayanta, na samu babbar 'yarsa a kicin na ce kafin su ba da ko naira ɗaya ta juya robar ta karanta bayanta.