Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kundin da Na Raina

Makon jiya na tsaya a inda muka rufe azuzuwanmu. Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ba a jima ba aka hana taro. Mu kuwa aikin ƙungiyarmu gaba ɗaya taro ne: matan da mazansu suka rasu su zauna a benci ɗaya, mu koya musu karatu da rubutu da lissafi. Da hannuna na kulle ofis, na koma gida zuciyata na gaya mini cewa ƙungiyar ta mutu, jana'iza kawai ta rage.

A kwanakin nan na yi ta komawa Ayyukan Manzanni sura 16, cikin Littafi Mai Tsarki. Manzo Bulus ya so yin wa'azi a Asiya, Ruhu ya hana shi. Ya nufi Bitiniya, nan ma aka hana. Sai da ya gangara Taruwasa ya ga wani mutumin Makidoniya cikin wahayi yana roƙonsa ya haye ya taimake su, da ya isa Filibi ta Makidoniya kuma, mata ya tarar a bakin kogi, cikinsu har da Lidiya. Ina karantawa, ina kuka, ina tambayar Ubangiji ina tawa Makidoniyar take.

Wata safiya wayata ta yi ƙara. Jami'ar wata babbar ƙungiyar agaji ce, ban taɓa ganinta ba. Ta ce suna da kayan tallafi jibge a sito, amma ba su san gidajen da suka fi bukata ba, ma'aikatansu kuma ba sa iya yawo. An gaya mata muna da sunaye.

A nan dole in yi maganar sakatarenmu. Tsohon malamin makaranta ne, mai haƙuri, mai rubutu kamar na injin buga takarda. Tun ranar da muka fara aiki yake da wani babban kundi. Duk matar da ta zo sai ya rubuta sunanta, kwatancen gidanta, yawan 'ya'yanta, ciwon da ke damunta, har da lambar wayar maƙwabci in ita ba ta da waya. Na sha ce masa, "Malam, wannan ɓata lokaci ne, karatu muka zo koyarwa." Sai ya ce, "Shugaba, bar ni dai, ranarsa na zuwa." Ranar da na kira shi na ce ya kawo kundin, na fara da neman gafararsa. Har yau ina jin nauyin maganganun da na faɗa masa.

Tayin ya zo da sharuɗɗa biyu: a raba wa kowa ba tare da duban addini ba, kuma kada a yi wa'azi a wurin rabo. Jami'ar ta bayyana mini cewa suna bin ƙa'idojin aikin agaji da Red Cross da wasu manyan ƙungiyoyi suka tsara a 1994, inda aka ce bukata kaɗai ake dubawa, kuma ba a amfani da tallafi don jawo mutum ga wani addini ko siyasa.

Muka yi taron kwamitin amintattu ta waya. Wani ɗan'uwa ya ce idan za a rufe mana baki, gara mu bar kayan. Na fahimce shi sarai, don ni ma bishara ce ta kawo ni wannan hidima. Amma na tuna musu da Basamariyen nan na Luka sura 10: ya ɗaure raunukan mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya, ya kai shi masauki, ya biya, ba mu ji ya tambaye shi abin da ya gaskata ba. Ni a wurina, a riƙe wa mai bukata kaya sai ya saurari wa'azi, ciniki ne, kuma bai dace da sunan Yesu ba.

Shugaban kwamitin, dattijon da muke kira Baba, ya yi shiru har muka gama. Sannan ya ce, "'Yata, na yarda. Amma Ubangiji ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Wa zai ƙirga kaya? Wa zai ajiye rasit? In buhu ɗaya ya ɓace, sunan wa zai ɓaci?" Na ce, "Baba, ka ba ni kwana biyu."

Cikin kwana biyun ne tunanin ya zo mini: ɗalibanmu fa? Matan da suka zo mana ba su iya rubuta sunansu ba, yanzu suna iya haɗa lissafi. Muka zaɓi waɗanda suka fi ƙwarewa, kowacce ta riƙe unguwarta, ta rubuta wanda ya karɓa, ta ƙaro sunayen maƙwabtan da ba sa cikin kundinmu, Kirista da Musulmi. Da mai binciken kuɗi ya zo a ƙarshe, ya bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya, rubutun hannun matan da ake ce wa jahilai, bai sami giɓi ba. Wata daga cikinsu ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, ashe karatun nan aiki yake yi."

Bayan wata uku jami'ar ta sake kira. Wannan karon kwangilar shekara uku suke so mu sa wa hannu, da albashi da mota, amma aikin rabon kaya ne zalla, babu zancen aji ko allo. Na ajiye wayar hannuna na rawa. Na kira Baba, ya ce kada in amsa komai sai mun yi azumi na kwana uku. Abin da ya faru a rana ta uku, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.